Ƙofar ƙarfe tsakanin wa da ƙani: bitar zango na huɗu na shirin Supernatural

A ƙarshen kashi na 20 na zango na huɗu na shirin Supernatural, wani dattijo mai suna Bobby ya kira 'yan'uwa biyu a waya ya ce su hanzarta zuwa gidansa, akwai abin da zai nuna musu a ɗakin ƙasa. Ƙanin, wato Sam, shi ya fara shiga yana tambayar ina matsalar take, sai kawai ya ji an turo ƙofar ƙarfe a bayansa an danna sakata, kuma wanda ya tsaya a waje tare da dattijon shi ne wansa Dean, mutumin da ya raine shi tun yana tsumman goyo. Karon farko da na kalli wannan wuri, shekaru da dama da suka wuce, ba abin da ya dame ni sai in ga yadda za ta kaya. Da na sake kallon zangon gaba ɗaya kwanan nan, bayan na yi zaman gida ɗaya da wani ɗan'uwana da maganin tari ya kama, sai da na tsayar da faifan na fita tsakar gida na sha iska, domin na san ƙarar irin wannan sakata, na kuma san halin da mai danna ta yake shiga a daren da ya danna ta. Wannan ne ya sa na zauna rubuta bitar nan, kuma ina sanar da mai karatu tun yanzu cewa zan faɗi yadda labarin ya ƙare.

Shirin na Amurka ne, Eric Kripke ne ya ƙirƙiro shi, an fara nuna shi ranar 13 ga Satumba 2005 a tashar WB kafin ya koma CW, ya kuma yi zango 15 da kashi 327 kafin a rufe shi a Nuwamba 2020. Labarin an ce a garuruwan Amurka yake faruwa, amma a yankin Vancouver na ƙasar Kanada aka ɗauki mafi yawansa. Jensen Ackles ne ya fito a Dean, Jared Padalecki kuma a Sam, 'ya'yan gidan Winchester, waɗanda suke yawo a tsohuwar motar mahaifinsu, Chevrolet Impala ƙirar 1967, suna farautar fatalwa da shaiɗanu da dodanni. Zango na huɗu, wanda ya gudana daga 18 ga Satumba 2008 zuwa 14 ga Mayu 2009, yana da kashi 22, kowanne kimanin minti 42, wato mai son ya gama shi zai ba shi sama da awa 15 na rayuwarsa. Tambayar da ta kamata ita ce ko ya cancanci waɗannan awanni, kuma amsata ita ce ya cancanta, amma da sharuɗɗa da zan zo kansu.

Ba za a gane nauyin abin da ya karye tsakanin waɗannan biyu ba sai an san yadda aka gina shi. A daren 2 ga Nuwamba 1983, a garin Lawrence na jihar Kansas, wani shaiɗani mai rawayen idanu ya shiga ɗakin jariri ɗan wata shida, ya ɗiga masa jininsa a baki, ya kashe mahaifiyarsa, gidan ya kama da wuta. Uban ya miƙa jaririn ga ɗansa mai shekara huɗu ya ce ya fita da shi da gudu kada ya waiwaya. Daga ranar Dean bai sake ajiye wannan kaya ba. Uban ya zama mafarauci mai neman fansa, yana barin yaran a ɗakunan otal na kwanaki, saboda haka Dean ne uwa, shi ne uba, shi ne mai dafa abinci da mai gadin ƙofa. Sam ya yi ƙoƙarin tserewa wannan rayuwa, ya tafi jami'ar Stanford yana shirin karatun lauya, mahaifinsa kuwa ya ce masa idan ya fita kada ya dawo. Kafin uban ya mutu ya bar wa Dean wasiyya mai nauyin dutse, cewa ya ceci ƙaninsa, idan ya kasa kuwa to wataƙila sai ya kashe shi. Da aka kashe Sam a ƙarshen zango na biyu, Dean ya sayar da ransa don a dawo da shi, aka ba shi wa'adin shekara ɗaya, kuma da wa'adin ya cika aka ja shi zuwa wuta a gaban idon ƙaninsa.

A nan zango na huɗu ya ɗauko zaren. Bayan wata huɗu Dean ya farka a cikin kabarinsa, ya tono kansa ya fito, daga baya ya gane cewa wani mala'ika mai suna Castiel ne ya tsamo shi. Ya sami Sam a wani otal tare da wata budurwa da ta nuna kamar ba ta san su ba, suka rungumi juna, kuma kafin kashin farko ya ƙare kowannensu ya riga ya yi wa ɗan'uwansa ƙarya. Sam ya rantse cewa ya bar amfani da baiwar nan da jinin shaiɗan ya bar masa, tunda shi ne roƙon Dean na ƙarshe, alhali a wannan daren ma ya lallaɓa ya fita ya yi aiki da ita, budurwar kuwa ba kowa ba ce illa Ruby, shaiɗaniyar da ke koya masa. Dean shi kuma ya ce ba ya tuna komai na zamansa a wuta, alhali yana tuna kowace rana. Wannan tsari na ƙarya biyu a dare ɗaya shi ne abin da na fi yaba wa marubutan a kansa, domin da sun so da sun sauƙaƙa wa kansu, su ba mu ƙani lalatacce da wa nagari. Sun ƙi yin haka.

Abin da ya sa jarabar Sam ta zama abin gaskatawa shi ne tana da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Wuƙar da suke kashe shaiɗanu da ita tana kashe har mutumin da shaiɗanin ya shiga jikinsa, shi kuwa Sam da baiwarsa yana iya fitar da shaiɗanin ya bar mutumin da rai. Da Dean ya kama shi a kashi na 4 ya kai masa naushi har sau biyu, ya ce da bai san shi ba da shi ma abin farauta ne, abin da Sam ya mayar masa shi ne lissafin rayukan da ya ceta, kuma mai kallo ba zai iya cewa ƙarya yake yi ba. Duk wanda ya taɓa zama da mai shaye-shaye ya san wannan mataki. Ba wanda yake farawa da cewa yana son ya lalace. Wani zai ce don ya iya aikin dare ne, wani don ciwon baya, wani don ya samu barci bayan rasuwar da ta girgiza shi, kuma a makonnin farko abin yana yin aikin da aka ce yana yi. Kashi na 9 ya koma baya ya nuna mana Sam a watannin da Dean yake kabari, yana ta shan giya, yana neman shaiɗanin da zai karɓi ransa a madadin na wansa ba wanda ya kula shi, yana tafiya faɗa da niyyar kada ya dawo. A wannan rami Ruby ta same shi, ta ba shi dalilin tashi da safe. Genevieve Cortese, wadda ta fito a Ruby a wannan zango, wasu sun soki sanyin wasanta idan aka kwatanta da zafin Katie Cassidy da ta riƙe matsayin a zango na uku, amma ni ina ganin sanyin shi ne daidai. Mai ba ka ƙwaya ba da tsawa yake zuwa ba, yana zuwa ne a matsayin mutum ɗaya tak da ya fahimce ka, wanda ba ya yi maka faɗa, wanda yake cewa 'yan gidanku ba su san darajarka ba.

Marubutan sun yi haƙuri sosai kafin su buɗe asirin. Har kashi 15 muna ganin Sam yana fita tsakar dare, yana buya a banɗaki ya amsa waya, yana cewa ya daina sannan ya koma, ba tare da an nuna mana ainihin abin da yake yi ba. Sai a kashi na 16 muka ga Ruby ta yanka hannunta ya kafa baki yana sha, ita kuma tana shafa kansa da wani murmushi da shi bai gani ba. Daga nan komai ya sauya launi. Mutumin da ya ce yana yi ne don ya kashe Lilith, shaiɗaniyar da take karya hatimai 66 don ta saki Lucifer, wato Iblis a al'adarsu, sai ga shi a kashi na 20 yana zazzage 'yar kwalbarsa ta ƙarfe a tafin hannu yana lasar ɗigon ƙarshe, yana kiran Ruby yana barin saƙon magiya ita kuma ta ƙi ɗauka da gangan. Padalecki ya yi wasan wannan wuri da jikinsa gaba ɗaya, da rawar hannu da gumi da saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da ƙishirwar ta ci ƙarfinsa a tsakiyar faɗa, ya danne wata shaiɗaniya ya sha daga wuyanta, ya ɗago da jini a baki ya ga wansa yana kallonsa. A mota bayan haka ya ce wa Dean ya yi masa faɗa, ya dake shi ma idan yana so, Dean ya ce shi ya gaji. Wannan gajiya ta fi kowane naushi ciwo, kuma Ackles ya faɗe ta ba tare da ya ɗaga murya ba.

Sai dai Dean ma ba lafiyayye ba ne, kuma zangon bai ɓoye hakan ba, ko da yake bai ba shi haƙƙinsa ba. Wata huɗu na duniya shekara 40 ne a wuta. Shekara 30 ana azabtar da shi, kullum azzalumin da ake kira Alastair yana yi masa tayin ya sauka daga kan katako ya karɓi wuƙa, shi kuma yana ƙi, sai a ƙarshe ya karɓa, ya yi shekara 10 yana azabtar da wasu. Ya faɗi wannan a ƙarshen kashi na 10, a gefen titi, jingine da mota, ya juya wa ƙaninsa baya yana hawaye, kuma a kashi na gaba ya ƙara da abin da ya fi muni, cewa ya ji daɗin yi. Tun daga farkon zangon kwalbar giya ba ta barin hannunsa, da ita yake kwana da ita yake tashi daga mugun mafarki. Sam ya yi maganar sau ɗaya ko biyu, daga nan shirin ya bar ta. A nan nake da ƙorafi na farko: mutumin da ya kulle ƙaninsa saboda shaye-shaye shi ma mashayi ne, amma tunda abin da yake sha ana sayar da shi a kowane kanti a ƙasarsu, sai aka mayar da nasa alamar jarumtaka da baƙin ciki, na ƙaninsa kuwa ƙazanta. Da an sa Sam ya jefa masa wannan magana a fuska ko sau ɗaya a ɗakin ƙarfen nan, da zangon ya ƙara gaskiya.

Kashi na 14 yana da wata dabara da ta tsaya mini a rai. Dodon wannan mako yana rikiɗa ya zama abin da mutum ya fi so, sauran mazan da ya halaka duk a siffar mace ya zo musu, amma da ya zo wa Dean sai ya zo a siffar saurayi jami'in tsaro, mai son irin motarsa da irin waƙoƙinsa, mai jin maganarsa, wato ƙanin da yake jin ya rasa. Da dafin dodon ya kama su biyun, suka amayar da abin da ke cikinsu: Dean ya ce Sam ɗin da ya sani ya tafi, ba jinin ne ya fi damunsa ba, ƙarairayin ne, Sam kuma ya ce wansa ya yi rauni, yana ja masa baya, ya ishe shi da kukan abin da ya same shi a wuta. Bayan an kashe dodon kowa ya ce ba da gaske yake ba, suka shiga mota. Magana kuwa zarar bunu ce. A ganina nan ne zuciyar zangon take, domin da a ce Sam ya zo tun daren farko ya ce ga abin da nake yi, ga dalilina, ina tsoro, da za a yi faɗa amma da ba a kai ga sakata ba. Abin da ya cinye yardar shi ne kowace tambaya da aka amsa da ƙarya ana kallon ido, har Dean ya kai matsayin da ko gaskiya aka faɗa masa ba shi da ma'aunin gane ta.

Kashi na 21, wanda Sera Gamble ta rubuta, Robert Singer ya ba da umarni, shi ne ƙololuwar zangon, kuma shi kaɗai ya isa dalilin kallon sauran. Kusan rabinsa a ɗaki ɗaya aka yi shi, ɗakin ƙarfe mai zagaye da Bobby ya gina a ƙarƙashin gidansa a Sioux Falls don kare kai daga shaiɗanu, yanzu kuma ya zama kurkukun ɗan gida. Yayin da jinin yake barin jikinsa, Sam yana ganin mutane suna zuwa masa ɗaya bayan ɗaya. Alastair ya zo ya azabtar da shi. Shi kansa yana yaro ya zo ya tambaye shi ina rayuwar da suka yi mafarkin samu. Mahaifiyarsa ta zo ta shafa fuskarsa ta ce tana alfahari da shi, ya ci gaba, wansa ba zai iya ba. Daga ƙarshe Dean ya zo ya kira shi dodo. Wadda ta rubuta wannan kashi ta san cewa muryar jaraba ba kullum take zuwa da zagi ba, wani lokaci da muryar uwa take zuwa, tana faɗa maka daidai abin da kake son ji. A sama kuma Bobby, wanda Jim Beaver ya fito a matsayinsa da nutsuwar dattijon da ya ga jiya ya ga yau, yana jin ihun yaron yana tambayar Dean ko ba kashe shi suke yi ba, Dean ya amsa cewa idan ya mutu aƙalla ya mutu yana mutum. Da jijjiga ta kama Sam tana maka shi da bango, suka shiga suka ɗaure shi a gado da ankwa.

A wannan wuri ne shirin ya daina zama labarin Amurka a gare ni. Mu ma mun san ɗaki da ankwa. Bayan rahoton da BBC ta fitar a 2018 kan yadda kodin ya yi wa matasa illa, gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na shekarar, amma hanin bai gaya wa iyaye yadda za su yi da yaron da ya riga ya kamu ba. A Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabo a baya, kuma da yawa daga cikinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna ganin taimako suke yi. Ba na zargin waɗannan iyaye da rashin ƙauna, kamar yadda ba na zargin Dean, domin na taɓa tsayawa a bakin irin wannan ƙofa da makulli a hannuna. Abin da nake yaba wa kashin nan shi ne bai nuna kullewar a matsayin magani ba. Sam ya fito daga ɗakin da ƙishirwarsa yadda take, an ƙara masa da tabbacin cewa wansa ya daina ganinsa a matsayin mutum, kuma da ya fito wurin Ruby ya nufa kai tsaye.

Faɗan da Sam da Dean suka yi a otal bayan haka yana da wuyar kallo. Bobby ya gargaɗi Dean a waya cewa ya je ne don ya dawo da yaron, ba don ya ƙara kore shi ba. Sam ya roƙe shi ya zo su tafi tare, ya yarda da shi sau ɗaya a rayuwa kamar yadda shi ya yi ta binsa ido rufe. Dean ya ce zai je amma ban da Ruby. Kowannensu yana da rabin gaskiya, kuma kowanne ya san inda zai soka ya yi zafi. Dean ya furta kalmar nan da Sam ya riga ya ji a mafarkinsa, Sam ya kai masa duka, suka farfasa ɗakin, har ƙanin ya shaƙe wuyan wansa kafin ya saki. Yana kwance a ƙasa cikin fasassun gilasai, Dean ya maimaita maganar da mahaifinsu ya yi a daren tafiya Stanford, cewa idan ya fita kada ya dawo. Sam ya fita. A farkon kashi na ƙarshe Bobby ya wanke Dean tas, ya ce masa dangi ba don su faranta maka rai aka yi su ba, ya ce mahaifinsu matsoraci ne da ya gwammace ya kori ɗansa da ya neme shi, kuma shi Dean ya fi ubansa. Bahaushe zai ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma kusan abin da dattijon yake nufi ke nan.

Ƙorafina mafi girma yana cikin kashi na 22, wanda Kripke da kansa ya rubuta ya kuma ba da umarni. Dean ya sauko, ya kira Sam ya bar masa saƙon murya yana ba shi haƙuri. Mala'ikun shirin, waɗanda ashe su ma so suke a saki Lucifer, suka sauya saƙon, Sam ya ji wansa yana zaginsa yana cewa ya gama da shi. A lokacin yana tsaye yana jinkiri, domin a but ɗin motarsa akwai wata ma'aikaciyar jinya da shaiɗaniya ta shiga jikinta sannan ta lafa ta bar matar a farke tana kuka tana cewa tana da miji, kuma sai ya tsiyaye jininta kafin ya sami ƙarfin da yake nema. Da ya ji saƙon sai ya yanke shawara. Wannan dabara tana taɓa zuciya, ban musa ba, amma ta sauke wa 'yan'uwan wani ɓangare na kayan da ya kamata su ɗauka da kansu. Kashi 21 an yi ana nuna mana cewa su biyun sun isa su rusa abin da ke tsakaninsu ba da taimakon kowa ba, sai a minti na ƙarshe aka kawo hannun waje ya tura. Haka kuma Castiel ne ya buɗe wa Sam ƙofar ƙarfen a ɓoye. Kuma zango na biyar bai koma kan maganar saƙon ba, bai kuma ba wa matar nan da aka kashe ko zaman makoki na minti biyar ba. Duk da haka, abin da ya biyo baya a tsohon gidan ibadar nan na Ilchester a jihar Maryland ya yi ƙarfi: Sam ya kashe Lilith idanunsa sun rikiɗe baƙi ƙirin, sannan ya gane mutuwarta ita ce hatimi na ƙarshe, Ruby kuma ta tsaya tana murna tana gaya masa cewa ita zaɓi kawai ta riƙa ajiye masa, shi ya riƙa ɗauka. Sam ya riƙe ta Dean ya soke ta, kuma kalmar haƙuri ɗaya ya iya furtawa kafin haske ya rufe su.

Wanda ya kalli wannan zango ya tsaya a nan ya cuci kansa, domin kashi biyar na farkon zango na biyar su ne cikon maganar. An yi kuskure ɗaya, da aka sa wata ƙudura ta wanke jikin Sam daga jinin a dare ɗaya, ba rawar jiki ba zazzaɓi, abin da ba ya faruwa ga kowa. Amma an gyara da abin da ya biyo baya. Dean ya yi ƙoƙarin nuna kamar komai ya wuce, ya kasa, ya tsaya a filin ajiye motoci na asibiti ya gaya wa ƙaninsa cewa ya zaɓi shaiɗaniya a kan ɗan'uwansa, kuma ba ya jin zai iya sake yarda da shi. A kashi na 2 Sam ya tsaya yana kallon jini a kan wuƙa, ya gane ƙishirwar tana nan a kansa ko da ta bar jikinsa, ya ce gara ya janye, Dean kuma bai hana shi ba. A kashi na 3 wasu mafarauta suka danne shi suka ɗura masa jinin a baki ya tofar. A kashi na 5, bayan sun dawo tare, ya faɗi maganar da ta fi kowace gaskiya a tsakaninsu, cewa ɗaya daga cikin dalilan da suka kai shi wurin Ruby shi ne a wurinta ba ƙaramin yaro ba ne. Har yau Dean da sunan yarinta yake kiransa, Sammy, kuma a cikin wannan suna akwai ƙauna akwai kuma igiya. Sam ya sake faɗawa shan jinin a kashi na 14, aka sake rufe ƙofar ƙarfen, wannan karon Dean ya fita cikin tarkacen motocin Bobby ya ɗaga kai sama yana neman taimako.

Sharuɗɗan da na ambata guda uku ne, kuma na farkonsu ya shafi aƙida. Shirin ya ɗauko sunaye daga littattafan Kirista da Yahudawa ya gina tatsuniyarsa a kansu, yana nuna mala'iku suna ƙarya da makirci da saɓa wa umarni, yana kiran wani marubuci mashayi annabi, yana kuma maganar Ubangiji ta hanyar da Musulmi ba zai ji daɗinta ba, Kirista mai riƙo da addininsa ma haka. Wanda ya san wannan zai dame shi, gara ya bar shi, kuma ban ga laifinsa ba. Na biyu, ba shirin yara ba ne kuma ba na falo ba ne: akwai jini da azabtarwa, kashi na 16 musamman, akwai kuma wuraren kwanciya a kashi na 9 da na 10 da na 14. Na uku, hoton yana da duhu da gangan, a waya da rana da ƙyar za ka ga fuskokinsu, saboda haka ya fi kyau a babban allo da dare. Turancinsu yana da sauri kuma cike yake da barkwancin da ya dogara da sanin finafinai da mawaƙan Amurka, sai an kunna rubutun ƙasa. Akwai kashi uku ko huɗu na ban dariya, kamar na 5 da aka yi shi baƙi da fari da na 6 inda ciwon tsoro ya kama Dean, waɗanda suna da daɗi amma ba su ƙara wa babban labarin abu mai yawa ba. Wanda ba shi da lokacin farawa daga zango na ɗaya, ya nemi kashin farko na shirin, da biyun ƙarshe na zango na biyu, da na ƙarshen zango na uku, sun ishe shi shiga.

Ga wanda yake da mai shaye-shaye a gida, ina ba shi shawarar ya kalli kashi na 4, 9, 14, 16, 20, 21 da 22 a jere, shi kaɗai, kafin ya yanke shawarar ko zai nuna wa wani. Ni na kalli na 21 tare da ɗan'uwan nawa bayan ya yi wata bakwai bai taɓa kwalba ba. Bai ce komai ba har aka zo wurin da uwar take shafa fuskar Sam, sai ya ce in mayar baya, na mayar, ya sake kallo, sannan ya ce mini, “Yaya, haka take magana.”